Darasi na Biyar: Auna Jam'iyya Mai Mulki da Jam'iyyun Adawa da Mudu Ɗaya

Gabatarwa

Ranar zaɓe, bayan jami'in rumfa ya tantance ku ya miƙa muku takardar ƙuri'a, abin da za ku gani a kanta shi ne jerin alamomin jam'iyyu. Takardar ba ta tambayar ko kun gamsu da gwamnati ko ba ku gamsu ba. Tambayarta guda ce: a cikin waɗannan, wa kuke so ya riƙe wannan kujera? Saboda haka duk wanda ya dangwala yatsa a gaban wata alama ya riga ya yi kwatanci, ko ya lura ko bai lura ba, domin ya fifita ɗaya ya bar saura.

Tun da kwatanci ba makawa ne, wajibi ne sabon mai zaɓe ya koyi yin sa da adalci. Wannan darasi zai bayyana yadda ake auna jam'iyyar da ke kan mulki idan an jera ta da masu neman karɓar mulkin daga hannunta. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa ba ta goyon bayan kowace jam'iyya, kuma ba ta gaya wa kowa wanda zai zaɓa. Sunayen jam'iyyu da sakamakon zaɓuɓɓukan da aka ambata a nan an kawo su ne don misali kawai.

Ma'anar mulki da adawa

Jam'iyya mai mulki ita ce wadda ɗan takararta ya ci kujerar zartarwa, wato shugaban ƙasa, ko gwamna, ko shugaban ƙaramar hukuma. Ita ke tsara kasafin kuɗi, ita ke naɗa masu muƙamai, ita ke aiwatar da ayyuka. Jam'iyyun adawa kuwa su ne waɗanda suka nemi kujerar ba su samu ba. Adawa a tsarin dimokuraɗiyya aiki ne halastacce mai amfani ga ƙasa: sa ido a kan gwamnati, nuna inda ta kauce, da gabatar wa jama'a wata hanya dabam.

A ƙasashen da ke bin tsarin firaminista, irin su Birtaniya, shugaban 'yan adawa muƙami ne da doka ta sani, har albashi ake biyan sa, kuma yana da majalisar ministocinsa ta jiran gado, inda kowane minista yake da kishiya mai bin diddigin aikinsa. Nijeriya ma ta yi irin wannan tsari a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yake firaminista, Cif Obafemi Awolowo kuma yake jagorantar adawa a majalisar tarayya bayan zaɓen 1959. Daga 1979 ƙasar ta koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko. A wannan tsari babu ministocin jiran gado, sai dai akwai shugabannin marasa rinjaye a Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, kuma bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancin kwamitin da ke binciken yadda aka kashe kuɗin gwamnati. Wannan bambanci yana ƙara wa mai zaɓe nauyi, domin ba wanda zai jera masa ɓangarorin biyu gefe da gefe. Shi zai yi wa kansa.

Wa ke mulki, wa ke adawa a Garki?

Mai zaɓe a Garki yana da wani matsayi da ya bambanta da na takwaransa a Kano ko Katsina. Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa ikon zartarwa na birnin ga shugaban ƙasa, ikon yin doka kuma ga Majalisar Tarayya. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Ministan Babban Birnin Tarayya. Don haka a babban zaɓe mazaunin Garki yana zaɓen shugaban ƙasa, da sanata guda mai wakiltar birnin baki ɗaya, da ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar mazaɓar AMAC da Bwari.

Ban da wannan akwai zaɓen ƙananan hukumomi shida na birnin: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Su kaɗai ne ƙananan hukumomin da INEC ke shirya zaɓensu, domin a jihohi hukumomin zaɓe na jiha ke yin wannan aiki. A nan ana zaɓen shugabanni 6 da kansiloli 62. Garki ɗaya ce daga gundumomi 12 na AMAC, wadda sakatariyarta ke Area 10.

Ku dubi abin da zaɓuɓɓukan baya suka haifar. A zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Fabrairu, 2022, PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje, APC kuma ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Kafin wannan zaɓe APC ce ke riƙe da AMAC. Bayan shekara guda, a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, ɗan takarar APC ne ya ci kujerar shugaban ƙasa, amma a Babban Birnin Tarayya ɗan takarar LP ne ya fi samun ƙuri'u, kuma LP ce ta karɓe kujerar sanata daga hannun PDP. Ke nan bayan zaɓen 2023 mazaunin Garki ya wayi gari da shugaban ƙasa daga wata jam'iyya, sanata daga wata, shugaban ƙaramar hukuma kuma wanda aka zaɓa a ƙarƙashin ta uku.

Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa mulki da adawa ba tambari ba ne da ke manne wa jam'iyya a ko'ina. Wadda ke adawa a sama tana iya zama mai mulki a ƙasa. Kafin ku fara kwatanci, ku tambayi kanku: wace kujera ake zaɓe a kanta, kuma wa ke riƙe da ita yanzu?

Ƙa'ida ta farko: a san mai alhakin aiki

Ba a tuhumar mutum da aikin da ba nasa ba, ba a kuma yaba masa a kan aikin wani. Kundin Tsarin Mulki ya raba ayyuka tsakanin matakan gwamnati. Tsaron ƙasa, rundunar 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan da hulɗa da ƙasashen waje duk na gwamnatin tarayya ne. Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda suka haɗa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da taka rawa a ilimin firamare da kiwon lafiya.

A tsakiyar birnin Abuja lamarin yana da ɗan sarƙaƙiya, domin da yawa daga ayyukan yau da kullum suna hannun hukumomin da ke ƙarƙashin Minista. Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ce ke gina manyan tituna da magudanan ruwa, hukumar kare muhalli ta Abuja ce ke kula da kwashe shara a cikin birni, ruwan famfo kuma yana hannun hukumar ruwa ta birnin. Majalisar Tarayya ce ke amincewa da kasafin kuɗin waɗannan hukumomi. Saboda haka idan ɗan takarar kansila ya yi muku alƙawarin karya farashin man fetur, ya yi alƙawarin abin da ba ya hannunsa. Haka nan idan ɗan takarar sanata ya yi tutiya da babban titin da wata hukuma ta gina, ku tambaye shi rawar da ya taka. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka, wakiltar mazaɓarsa, da sa ido a kan masu zartarwa. Da waɗannan ake auna shi.

Ƙa'ida ta biyu: aiki da aiki, alƙawari da alƙawari

Wanda ya je Kasuwar Garki sayen masara ya san ba zai iya gane wanda ya fi araha tsakanin 'yan kasuwa biyu ba sai in da mudu iri ɗaya suke awo. Haka abin yake a siyasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora aikin mai mulki a gefe guda, a ɗora alƙawarin ɗan adawa a ɗaya gefen. Aiki yana da tabo, domin an yi shi an ga inda ya gaza. Alƙawari kuwa kullum tas yake, domin ba a gwada shi ba tukuna. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne: a ce tun da mai mulki ne kaɗai ke da gine-ginen da za a nuna, ɗan adawa ba shi da komai. Wanda ba a ba shi kuɗin gwamnati ba ba zai gina titi ba.

Adalci shi ne a yi awo biyu. Na farko, a jera aiki da aiki. A Nijeriya wannan yana yiwuwa, domin manyan jam'iyyu sun taɓa riƙe mulki a wani mataki. PDP ta riƙe gwamnatin tarayya shekara 16, daga 1999 zuwa 2015, APC kuma ta karɓa daga 2015. Jam'iyyu irin su APGA da LP da NNPP sun ci kujerun gwamna a wasu jihohi. Yawancin manyan 'yan takara sun taɓa zama gwamnoni, ko ministoci, ko 'yan majalisa, ko shugabannin hukumomi. Ku bincika: ya biya albashi da fansho a kan lokaci? Ya gama ayyukan da ya fara? Wane bashi ya tarar, wane ya bari? Idan jam'iyya sabuwa ce da ba ta taɓa mulki ba, sai a dubi tarihin mutanenta da yadda ta gudanar da zaɓen fid da gwani. Jam'iyyar da ba ta yi wa 'ya'yanta adalci ba da wuya ta yi wa na waje.

Awo na biyu, a jera alƙawari da alƙawari. Kowace jam'iyya tana da kundin manufofi. Ku yi wa kowane alƙawari tambayoyi huɗu: me za a yi, nawa zai ci, daga ina kuɗin zai fito, yaushe za a gama? Mai mulki yana da tambaya ta biyar: me ya hana a yi wannan a shekarun da suka wuce? Ɗan adawa ma yana da tasa: ban da sukar abin da ake yi, me za ku yi dabam?

Yana da kyau kuma a lura da yadda ra'ayi ke sauyawa idan kujera ta sauya. A watan Janairu na 2012 gwamnatin tarayya ta cire tallafin man fetur, aka yi zanga-zanga a manyan birane har aka mayar da wani ɓangare na tallafin. A zaɓen 2023 kuwa 'yan takara uku da suka fi samun ƙuri'u duk sun ce za su cire shi, kuma aka sanar da cire shi ranar 29 ga Mayu, 2023. Wasu da suka soki matakin a 2012 sun kare shi a 2023, wasu da suka kare shi a da kuma suka koma suka. Sauya ra'ayi ba laifi ba ne in akwai hujja, amma mai zaɓe yana da haƙƙin jin hujjar daga bakin kowane ɓangare.

Haka nan sauya sheƙa. An yi wa APC rajista a 2013 bayan haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, kuma a watan Nuwamba na shekarar gwamnoni biyar na PDP suka koma cikinta. Daga baya wasunsu suka sake komawa inda suka fito. Don haka idan jam'iyya ta ce "su ne suka ɓata", ku duba ko waɗanda ake zargin ba su ne ke zaune a sahun gaba na masu zargin ba.

Ƙa'ida ta uku: a yi la'akari da yanayi

Manomin da ya yi noma a shekarar fari ba a auna rumbunsa da na wanda ya samu damina mai albarka ba tare da an ambaci ruwan sama ba. Gwamnatin Nijeriya ta daɗe tana dogaro da kuɗin ɗanyen mai, farashinsa kuma a kasuwar duniya ake tsayar da shi. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, amma a watan Janairu na 2016 ta faɗi ƙasa da dala 30. A 2020 annobar korona ta tsayar da harkoki a duniya baki ɗaya. Irin waɗannan abubuwa ba gwamnati ce ta jawo su ba.

Sai dai yanayi ba ya wanke kowa. Tambayar da ta dace ita ce: da abin da ya samu, me ya yi? Wanda ya yi mulki lokacin wadata, a tambaye shi abin da ya tanada. Wanda ya yi lokacin ƙunci, a tambaye shi abin da ya fara ragewa, kuɗin hidimar manya ko kuɗin asibiti da makaranta. Haka kuma a yi hattara da lissafin naira tsirara. Kasafin bana yana iya fin na shekara goma da suka wuce yawa a takarda, alhali abin da zai saya bai kai na wancan ba saboda hauhawar farashi. Sannan akwai tazara tsakanin kuɗin da aka rubuta a kasafi, da wanda aka saki, da aikin da aka gani a ƙasa. Gani ya kori ji.

Ƙa'ida ta huɗu: "mun fi su" ba ta isa amsa ba

Lokacin yaƙin neman zaɓe za ku riƙa jin magana iri biyu. Masu mulki za su ce: "Ko yaya muke, mun fi waɗanda suka gabace mu." 'Yan adawa kuma za su ce: "Kowa ma ya fi waɗannan." Duk maganganun biyu suna kawar da hankali daga ainihin tambaya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Gazawar ɗan adawa ba ta mayar da gazawar mai mulki nasara, fushin da ake yi da mai mulki kuma ba shaida ba ce cewa mai son maye gurbinsa ya cancanta.

Saboda haka ana bukatar ma'auni na uku wanda ba na kowace jam'iyya ba. Kundin Tsarin Mulki ya tanade shi a Babi na Biyu. Sashe na 14 ya ce ikon mulki na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati kawar da rashawa da cin zarafin muƙami. Sassa na 16 da 17 da 18 sun yi magana a kan tattalin arziki, da aikin yi da lafiya, da ilimi. Sashe na 224 kuma ya wajabta wa kowace jam'iyya ta daidaita manufofinta da wannan babi. Abin lura shi ne sashe na 6 ya taƙaita ikon kotuna wajen tilasta wa gwamnati cika waɗannan manufofi. Wurin da ake yanke hukunci a kansu shi ne rumfar zaɓe, alƙalin kuwa ku ne.

To, ku fara auna kowace jam'iyya da wannan ma'auni ita kaɗai, sannan ku jera su. Idan kun ga duk sun gaza, har yanzu akwai wadda ta fi kusa da ma'aunin, kuma takardar ƙuri'a ba ta ƙare a kan manyan jam'iyyu biyu ko uku ba. Zama a gida ba ya hukunta kowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Waɗanda suka fito su suka yanke wa sauran hukunci.

Inda ake samun sahihin bayani

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka shaidar farko ita ce idonku: makarantar unguwarku, ƙaramin asibitinku, titinku da magudanar ruwanku. Amma unguwa ɗaya ba ita ce ƙasa ba, sai an haɗa da bayanan hukuma. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana wallafa kasafi da rahoton aiwatar da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi kowane wata, da na kason da kowane mataki na gwamnati ke samu daga asusun tarayya. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya yana miƙa rahotonsa ga Majalisar Tarayya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. INEC tana wallafa sunayen 'yan takara da takardun da suka gabatar kafin zaɓe.

Ku saurari muhawarar 'yan takara a rediyo da talabijin, ku karanta jarida fiye da ɗaya. Saƙon da aka turo ta WhatsApp ko Facebook ba tare da tushe ba kada ku gina hukunci a kansa, musamman in ya zo daidai da abin da zuciyarku ke son ji. Ƙabila da addini da yankin ɗan takara ba sa cikin abubuwan awo. Kuɗi ko kayan da aka raba don sayen ƙuri'a kuwa laifi ne a doka, ga mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da tarihi ya nuna

Masu zaɓe sun sha nuna cewa kujera ba gadon kowa ba ce. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnan Kano da na Kaduna alhali NPN ce ta kafa gwamnatin tarayya. A 2003 Kanawa suka sauke gwamna mai ci na PDP suka zaɓi na ANPP, a 2011 kuma suka dawo da wanda suka sauke. A zaɓen 28 ga Maris, 2015, Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u 15,424,921, Shugaba Goodluck Jonathan ya samu 12,853,162, ya kuma amince da sakamakon. Wannan ne karo na farko da ɗan adawa ya kayar da shugaban ƙasa mai ci a Nijeriya. A Ghana mulki ya sauya hannu tsakanin manyan jam'iyyunta biyu a zaɓuɓɓukan 2000 da 2008 da 2016 da 2024. Akwai kuma lokuta da yawa da masu zaɓe suka auna suka sabunta wa mai mulki wa'adi. Sauyi da sabuntawa duk halal ne. Abin da ke sa masu mulki da masu adawa su shiga taitayinsu shi ne sanin cewa akwai masu awo, kuma za su sake awo a zaɓe na gaba.

Aikin gwaji

Ku ɗauki takarda ku rubuta kujerar da za a yi zaɓe a kanta. Ku lissafa matsaloli uku da suka fi damun unguwarku, ku tabbatar suna cikin hurumin wannan kujera. A ƙarƙashin sunan kowane ɗan takara ku rubuta abin da ya taɓa yi, da abin da ya yi alƙawari, da inda kuka samo bayanin. Duk gurbin da kuka kasa cikewa tambaya ce da za ku yi wa ɗan takarar ko wakilansa idan sun zo neman ƙuri'arku.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne kujeru ne mai zaɓe a Garki ke kaɗa wa ƙuri'a, kuma me ya sa ba ya zaɓen gwamna?
2. Ku kawo ayyuka biyu na ƙaramar hukuma da biyu na gwamnatin tarayya.
3. Me ya sa bai dace a kwatanta aikin mai mulki da alƙawarin ɗan adawa ba?
4. Ta yaya za a auna jam'iyyar da ba ta taɓa riƙe mulki ba?
5. Wane ma'auni ne sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki ya ba mai zaɓe?
6. Ku ambaci wurare uku da za a samu sahihin bayani a kan kuɗin gwamnati.